Rago Mai Ƙaho Huɗu da Tauraruwa Mai Wutsiya

Ojo Amargo, New Mexico
2 ga Nuwamba

Yaya Femia,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aikin asibiti, yaya sanyin Alaska? Mu nan lafiya lau. Mama na gaishe ki. Gwiwarta tana nan yadda kika sani, ƙullutun maƙogwaronta kuma likita ya ce sai bayan Kirsimeti za a yi tiyata. Jiya mun je mun share kabarin Baba, ta zauna tana ba shi labarin tumaki kamar yana jin ta.

Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina kafin wani ya juya miki ita. Kin san shirin rediyon nan da nake saurare tun ina tuƙin tirela. To, wani mutum ya kira, mai madubin hangen taurari ne a bayan gidansa. Ya ɗauki hoton tauraruwa mai wutsiyar nan da ake cewa za ta bayyana da bazara, sai ga wani abu a bayanta yana bin ta. Ba tauraro ba ne, Yaya, don yana canja hanya. An ce ya ninka duniyarmu girma. Wani tsohon soja ya kira ya tabbatar, wani matuƙin jirgin sama ma haka. Washegari hukuma ta fito ta ce tauraro ne kawai hoto ya kama. Saurin da suka yi wajen ƙaryatawa shi ya sa na gane akwai magana, ruwa ba ya tsami banza. Farkon Afrilu abin zai iso kusa da mu.

Saboda haka na yanke shawara biyu. Na fara haƙa rami a bayan gida, zan yi masa bangon siminti, ya ɗauke ni da Mama, da ke in kin dawo. Na biyu, bana ba zan saki ragonmu Obispo cikin tumaki ranar San Martin, sha ɗaya ga wata, ba kamar yadda Baba ya saba. In na sake shi yanzu, haihuwa za ta faɗo a Afrilu daidai lokacin. Wane marar imani ne zai jawo jariran dabbobi duniya don wuta ta cinye su? Na kulle shi a shingensa da kwado, makullin na aljihuna. In mun ga bayan abin lafiya, baɗi ma shekara ce.

Na gaya wa Mama. Ba ta ce uffan ba, ta ci gaba da saƙarta. Na ɗauki shirunta a matsayin yarda.

Ki fara tunanin dawowa kafin Maris. Tsibiri ba wurin zama ba ne in teku ya tashi.

Ƙanenki,
Lencho

Kodiak, Alaska
13 ga Nuwamba

Lencho,

Ina lafiya, ko in ce ina lafiya kafin wasiƙarka ta zo. Iska ta hana jirgin wasiƙu sauka kusan mako guda, da na san abin da ya ɗauko mini da na roƙi Allah ya ƙara iskar. Ka gaishe mini da Mama, ka tabbatar tana shafa man gwiwar nan da na aiko.

Yanzu kai. Anya kanka ɗaya kuwa? Wani mutum da ba ka san ko sunansa na gaskiya ba ya kira rediyo, shi ke nan ka kulle ragon Mama? Abin da ya fi duniya girma yana tafe, amma duk masuntan tsibirin nan da ke kwana a teku suna kallon sama ba wanda ya gan shi, sai masu kiran waya. Ka gaya mini, mai shirin nan in ya gama kaɗa muku hanji, me yake tallatawa? Ba abincin gwangwani da fitilar hannu ba? Mutumin da ya tabbata duniya za ta tashi a Afrilu ba ya ɗaukar talla har Disamba mai zuwa.

"Baɗi ma shekara ce." Wannan maganar ita ta nuna mini ba ka san inda ka dawo ba. Ka bar gida kana ɗan shekara sha biyar ka bi manyan motoci, sai rasuwar Baba a farkon shekarar nan ta dawo da kai. Ni na tashi a gindin tumakin nan, bari in gaya maka. Obispo ya tsufa, haƙoransa sun zube, Baba da bakinsa ya ce bana ce shekararsa ta ƙarshe. Shi kaɗai ya rage rago mai ƙaho huɗu na irin da Kaka ta zo da shi gidanmu ranar aurenta. Rabin tumakin ma tsofaffi ne. In ya mutu bai bar ɗa ba, irin ya ƙare, kuma ba a sayen sa a kasuwa. Da ulunsu Mama ta saƙa bargon da aka naɗe ka ranar da aka haife ka, da shi ta biya mini makaranta. Abin da fari da yunwa ba su kashe ba, kai za ka kashe shi da rediyo.

Kuma shirun Mama ba yarda ba ne. Shekara arba'in Baba yana gudun wannan shirun.

San Martin ta wuce, amma in ka sake shi cikin makon nan ba a makara ba. In kuwa ka rantse ba za ka sake shi ba, to me kake ciyar da shi? Ka yanka shi mana ka yi kilishi, ka shiga raminka kana ci kana jiran baƙinka na sama, in sun zo ka ba su su ɗanɗana.

Ka buɗe kwadon nan, Lencho. Ba roƙonka nake ba.

Yayarka,
Eufemia

Ojo Amargo
1 ga Disamba

Yaya,

Mun samu wasiƙarki. Muna lafiya. An sa wa Mama ranar tiyata, tsakiyar Janairu a Albuquerque, kuma za ta zauna gidan ƙanwarta Inna Sofronia har ta warke.

Na ga kin iya dariya. Daga nesa dariya ba ta da wuya. Ni da ba na sanin komai ni ne na ajiye tirelata na dawo, ke da kika san komai kina can kina auna zafin jikin baƙi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kin ce in yarda da hukuma. Wace hukumar? Kin manta labarin da aka goya mu da shi? Mama na yarinya, da asuba tana taya Kaka tatsar awaki, sama ta yi fari fat kamar rana ta fito sau biyu. Toka ta yi ta zuba a kan rufin gida da cikin randar ruwan sama, yara suna kamawa suna shafawa a fuska, sun ɗauka dusar ƙanƙara ce. Gashin shanu ya koma fari. Me aka gaya musu? Wai rumbun harsasai ne ya fashe, kowa ya kwantar da hankalinsa. Ashe bam ɗin nukiliya aka gwada a bayan dutsenmu. Ba wanda ya zo ya ce kada ku sha ruwan. Ke ce ma'aikaciyar jinya, ke za ki gaya mini abin da ya ci Kaka, da Kawu Melquiades, da abin da ke zaune a maƙogwaron Mama yau. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. A gidan nan an taɓa cewa "ba komai" sau ɗaya, har yau muna binne mutane. Ni ba za a ce mini sau biyu ba.

Amma a wuri ɗaya na ga gaskiyarki. Kin ce Obispo ba zai kai baɗi ba, kin ce in ba zan sake shi ba in yanka shi. Na juya maganar, na ga da ya mutu a banza gara namansa ya ciyar da Mama a ramin. Ranar Asabar na yanka shi. Kilishin na rataye a rumfa, na sa masa jan barkono yadda Baba ke yi.

Wani abu ya ba ni mamaki. Da na kayar da shi, tun wuƙa ba ta taɓa shi ba, hannuna ya yi ja. Gashin ƙirjinsa duk wani ja ne mai maiƙo. Ban san ko ciwo ne ba.

Mama ta fito ta tarar ina fiɗa. Ta dubi ragon, sannan ta ce, "Ba ni ƙahonnin." Na sare mata, ta shiga da su ɗaki. Tun ranar ba ta ci abinci tare da ni ba. Na gaya mata shawararki ce.

Lencho

Kodiak
12 ga Disamba

Lencho,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, wanda ya iya kayar da tsohon rago shi kaɗai lafiyarsa ƙalau.

Shawarata? Shawarata ka ce mata? Kai ko gatse ba ka sani ba? Da na ce ka faɗa rijiya sai ka faɗa? Duk abin da na rubuta, shafi biyu cur, ba ka ga komai ba sai layi ɗaya da ya yi daidai da abin da kake so. Haka kake sauraren rediyonka ma. Ka yi ɓarnarka, sannan ka ɗauki wuƙar ka sa a hannuna a gaban uwata.

Na karanta wasiƙar a ɗakin shan shayi na asibiti, na yi kuka har wata abokiyar aikina ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Na ce mata e, rasuwa ce. Ni na ciro Obispo daga cikin uwarsa da hannuna, ya zo da baya, Baba na riƙe da kanta. Da kwalba na shayar da shi.

Maganar bam kuwa, kada ka ƙara koya mini ita. Ni na wanke Kawu Melquiades a kwanakinsa na ƙarshe lokacin kana can kana jigilar lemo zuwa Chicago. Sun yi mana ƙarya, gaskiya ne. Amma don wani ya taɓa yi maka ƙarya, ba shi ke nan duk wanda ya zage shi ya zama annabi ba. Wancan karon daga sama aka cuce mu. Wannan karon ɗan gida ne da wuƙar Baba.

Kada ka aiko mini da komai na Kirsimeti.

Eufemia

Ojo Amargo
14 ga Disamba

Yaya,

Ban jira amsarki ba, don abin da na gani ba ya jira. Muna lafiya, Mama na ta gasa biskit ɗin Kirsimeti, ni dai ba a ba ni ba.

Kin ce ba wanda ya ga komai sai masu kiran waya. To ni na gani, gani kuwa ya kori ji. Tun da na fara aikin ramin ban cika shiga garke ba, ina watsa musu ciyawa ta saman shinge in wuce. Shekaranjiya na shiga gyara kwamin ruwa, sai na ga bayan tumakin, daidai saman wutsiya, da wani jan tabo kamar tsatsa. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, fiye da rabinsu. Na shafa, yana da maiƙo, irin wanda na gani a ƙirjin Obispo. Ba jini ba ne, ba ciwo a fatar.

Ki tuna shanun da suka koma fari. Su ma a gadon baya abin ya fara, inda abin da ke zubowa daga sama yake sauka. Na kai maganar taronmu na ranar Lahadi a Carrizozo, mu masu sauraren shirin goma sha wani abu ne muke haɗuwa bayan an tashi daga coci a garejin wani. Wani ya ce ƙurar wutsiyar ce ta fara isowa. Na yanki ulun na sa a ambulan na aika wa gidan rediyon.

Na nuna wa Mama. Ta dube ni, ta dubi ulun, sai ta rufe bakinta da gefen gyalenta ta juya. Kafaɗunta na rawa. Tsoro ne ya kama ta, na kuwa ji tausayinta.

Yanzu sai ki yi dariya in gani.

Katakon rufin ramin ya yi tsada. Tunda ba haihuwa bana, zan kwance rumfar haihuwar tumaki in yi amfani da nata.

Lencho

Kodiak
3 ga Janairu

Lencho, ƙanena,

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Tawa mai zafi ce, ban janye ko kalma ɗaya ba, amma ka ajiye ta gefe ka karanta wannan da idon basira. Ina lafiya. Allah ya sa tiyatar Mama ta yi kyau.

KADA KA TAƁA RUMFAR NAN.

Ka ce in yi dariya, wallahi na yi, har na zauna a ƙasa, ina yi ina hawaye. Mama ma ba tsoro ne ya kama ta ba, dariya take dannewa. Wawan Allah, abin da ka aika wa gidan rediyo janƙasa ce da kitsen tunkiya! Duk shekara kafin a saki rago, ana kwaɓa janƙasar bakin rafi da kitse a shafe masa ƙirji. Duk tunkiyar da ya hau sai jan ya zauna a bayanta, da haka ake sanin wadda ta samu da wadda ba ta samu ba. Haka Kaka ta yi, haka Baba ya yi. Gwangwanin na kan taga a rumfa, je ka duba. Da ka taɓa zama gida kaka ɗaya maimakon ka gudu gidan Kawu a birni duk lokacin aikin tumaki, da ka sani.

Mama ta saki Obispo. Za ka ce kwado. Ƙofar da ka sa wa kwado, ɗaya gefen ba ƙarfe ke riƙe da ita ba, waya ce Baba ya murɗa tun ina firamare yana cewa gobe zai gyara. Kana garejin Carrizozo kuna lissafin tashin duniya, ita tana warware waya. Kuma ko a ɓoye take yi ba za ta iya sakin rago ba janƙasa ba, hannu ya saba.

Tumakin nan na da ciki, Lencho. Wata biyar daga tsakiyar Nuwamba, ka lissafa da kanka. 'Ya'yan Obispo ne na ƙarshe, babu wasu bayansu. Irin nan ulunsu ya yi yawa, ba za ka ga cikin da ido ba sai dab da haihuwa. Daga Fabrairu ka ƙara musu hatsi. A Maris ka rage ulun da ke kewaye da hantsa. Ka bar rumfar a tsaye, ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa, don ka san Afrilun garinmu ba ta da amana, jariri in ya faɗo a kan ƙanƙara da jiƙaƙƙen jiki ba ya kai awa guda.

Ka ci gaba da yarda da abinka na sama in kana so, ban hana ka ba. Haƙa rami goma. Amma ka bar rumfar.

Na nemi hutu, sun ce sai Mayu, mu biyu ne kawai a ɓangarenmu.

Yayarka,
Femia

Ojo Amargo
9 ga Fabrairu

Eufemia,

An yi tiyata lafiya, sun cire ƙullutun. Muryar ce ba ta dawo ba tukuna, likita ya ce sai a hankali. Tana gidan Inna Sofronia.

Wasiƙunki biyu sun zo. A ta farko ni ne ɗan gida mai wuƙa, a ta biyu ni ne wawan Allah. Na gode. Na ga kin canja dabara, da zagi bai yi ba kin koma tatsuniya. Matar da ba ta iya hawa matakalar coci sai na riƙe ta, ita ce za ta ɗaga ƙofar shinge ta kama rago ta shafa masa kitse, ta mayar da shi kafin in dawo, sati bayan sati? Gwangwanin na gani, a bushe yake ƙaf. Wayar ma na gani, a murɗe take yadda take. Na tattaɓa tumakin, ulu ne kawai.

Duk da haka na yi miki adalci. Na je har gadon asibiti na tambaye ta, "Mama, kin saki Obispo?" Da jin sunan sai ta juya fuskarta bango. Wannan amsa ce ai.

Abin da ya fi ƙona mini rai, kin buga waya kantin Eloisa kin bar mini saƙo a bakin matar da ba ta iya riƙe ko atishawa. Yanzu duk Ojo Amargo an san Lencho ya aika kitse gidan rediyo. Na shiga sayen ƙusa, wani ya ce, "Lencho, an ce ragonka ya yi aure bayan ya zama kilishi?" Har Fada, limamin cocinmu, ya yi murmushi da ya gan ni. Haka aka yi wa Nuhu, ba komai.

Rumfar na riga na kwance ta tun kafin wasiƙarki ta iso. Rufin ramin ya yi kyau, na sa murhu da bututun hayaƙi. Tauraruwar ta fara fitowa, da ido ake ganinta. Ki fita ki duba, sannan ki ce mini ƙarya ne.

Ba zan ƙara rubutu ba sai abin ya wuce, in akwai mai karantawa.

Florencio, wanda kike kira Lencho

Kodiak
16 ga Maris

Lencho,

Wannan ta uku ke nan tun wasiƙarka ta Fabrairu, ba amsa. Ina lafiya. Na yi waya da Inna Sofronia, ta ce Mama ta fara raɗa, kuma kullum sai ta nuna ƙofa tana so a mayar da ita gida, likita ya hana. Ta ce ba ka je ba tun Fabrairu. Na ce ta tambaye ta maganar rago, Mama ta ɗaga kai ta ce e, a gaban shaidu. Inna ta aiko maka, an ce ka ce haɗa baki muka yi.

Na ga tauraruwar. Kyakkyawa ce, ban taɓa cewa babu ita ba. Abin da ke bayanta ne ban gani ba, kai ma ba ka gani ba.

Na gaji da faɗa. Abu ɗaya nake roƙo, yanzu kam roƙo ne. Ka shiga garke ka durƙusa, ka sa hannu a ƙarƙashin tunkiyar nan mai yagaggen kunne, ka taɓa hantsarta. Minti ɗaya ka dubi ƙasa. In ba ka ji komai ba, na yarda ni ce maƙaryaciya, kuma zan rubuta wa Eloisa ta shelanta.

Femia

Ojo Amargo
15 ga Afrilu

Yaya Femia,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, yatsuna sun faffashe. Mama ta dawo gida, tana cin abinci, muryar na fita kaɗan-kaɗan.

Ban taɓa hantsar ba. Na karanta wasiƙarki na ce gobe, goben kuma na tafi taro.

Ranar da aka ce abin zai fi matsowa, na gama kai kaya ramin, na shirya da yamma in je in ɗauko Mama ko likita ya yarda ko bai yarda ba. Tun rana iska ta juya, dusar ƙanƙara ta fara zuba, irin ta Afrilu mai jiƙa. Na tayar da mota ke nan na ji wani kuka daga garke, siriri, ban taɓa jin irinsa ba. Na ce ko alamar ce ta fara. Na je da bindiga, Yaya, ki ji fa, da bindiga.

A gindin shinge, inda rumfar take a da, na tarar da mai yagaggen kunne tana lasar wani abu. Wurin da ta saba haihuwa ta je, ta tarar ba rufi. Biyu ta haifa, ɗaya ya riga ya sandare. Can gefe wata ma ta haihu tun ban sani ba, nata ƙanƙara ta rufe shi. Na tsaya da bindiga a hannu kamar gunki. Sai mai ran ya sake yin kukan.

Na cusa shi cikin rigata na ruga ramin, uwar na bina. Wuri ɗaya ke nan mai rufi da murhu da zai ɗauki tumaki a gidan nan. Na watso gwangwanayen abinci waje, na farke katifun da na saya mana, na koma na dinga jawo duk wadda na ga tana naƙuda. Ban san komai ba, kin faɗa kuma gaskiya ne. Wata ɗanta ya zo da baya, na tuna kin ce haka Obispo ya zo, na sa hannu ina addu'a ina zagin kaina. Ya fito da rai. Wata kuma na rasa ta ita da ɗan, ba ta da ƙarfi, hatsin da kika ce in ƙara ban ƙara ba. Wannan a wuyana yake.

Da gari ya waye na je kantin Eloisa na buga wa Inna waya, a gaban kowa, ban damu ba. Suka kawo Mama a mota. Ta ƙi shiga gida, sai da muka sauke ta ramin a kan kujera. Ta bi jariran ɗaya bayan ɗaya tana shafa kawunansu da babban yatsa. Da ta zo kan na mai yagaggen kunne, wanda na sa a riga, ta daɗe tana shafawa. Ta kamo hannuna ta ɗora a kansa. Tsiro huɗu ne a ƙarƙashin fatar, kamar ƙwayar wake.

Na ce, "Mama, me ya sa ba ki gaya mini ba tun farko?"

Sai da na kai kunnena bakinta. Ta ce, "Da ka raba su. Daga baya kuma ka yanka shi, na ƙi ka." Ta huta, ta ce, "Ranar da sama ta kama wuta, babana ma ya ce duniya ta tashi. Ya yi addu'a, sannan ya ce a ƙarasa tatsar, awaki ba su san an tashi ba."

Daren jiya ta ci abinci tare da ni. Ta ɗauko ƙahonnin ta rataye a ƙofar ramin.

Kada ki ɗauka na ce ba a yi mana ƙarya, ko na ce kin yi daidai da kika kira ni abin da kika kira ni. Wannan faɗan yana nan, ki zo da shi a Mayu mu ƙarasa, ki zo da almakashin sausaya kuma, namu ya yi tsatsa. Kilishin na nan a rataye, na kasa ci.

Har yanzu akwai waɗanda ba su haihu ba. 'Yan taronmu sun aiko suna tambaya ko na ga abin ya wuce, wai an ce ya ɓuya a bayan rana. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Tun ranar ban ɗaga kai sama ba.

Ƙanenki,
Lencho